Akwatin da Ya Ji Numfashin Baba

Zuwa ga Yaya Fassouma,

Gaisuwa mai nauyi daga ƙaninki, wanda mutanen unguwar Tayuri, a nan Sabha ta ƙasar Libiya, suka naɗa Injiniya ba tare da sun shawarci kowace makaranta ba. Ina fatan Baba da Inna da yara suna cikin ƙoshin lafiya.

Ni lafiya lau nake. Aikina a butik ɗin wani Balarabe, wato shagonsa, shi ne haɗa wani ɗan akwati mai martaba. Duk sautin da ke cikin waya lambobi ne zalla, akwatin ne ke mayar da su murya kafin su isa lasifika. Na arha yakan haɗiye rabin zance. Namu kuwa agogon cikinsa ba ya rawa, kuma yana tace gurnanin wutar lantarki, har attajiran Sabha ke rantsuwa suna jin yatsan makaɗi a kan tsirkiya.

Jiya na gwada shi da saƙon muryar Baba, wanda kika ce ya warke sarai. A waya na yarda. A akwatin kuwa na ji yana tsayawa neman numfashi a tsakiyar sa mini albarka, na kuma ji ki can ƙasa-ƙasa kina cewa, "Daure, Baba, saura kaɗan."

Saboda haka, da ikon da kimiyya ta ba ni, ina umartarki cikin ladabi ki kai shi likita.

Nawa saƙonnin kuma, ku ci gaba da saurarensu a tsohuwar wayar Inna. Ita ce ta dace da muryata a kwanakin nan.

Ƙaninki,
Chamsoudine