Kwalbar da Ta Kama da Wuta a Ɗakin Taron Coci

Indiana, 16 ga Oktoba, 1927

Zuwa ga ƙanena Delbert,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Verna da 'yan biyunku. Ubangiji ya kiyaye ka a aikin katakon nan na Oregon. Mu nan kalau muke. Mama ƙafar ce kawai ke damunta, amma bakin yana nan yadda ka san shi. An gama girbin masara, saniyar nan mai taurin kai kuma ta haihu.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara uku. Ni ma sau huɗu ina yaga takarda, don abin da zan faɗa maka kunya ce tsagwaronta. Ka tuna ranar Idin Godiya, bikin bayan girbi da dangi ke haɗuwa, da na zaro 'yar kwalbar giya daga cikin takalminka a gaban kowa, na juye ta a bahon wanke-wanke, na ce mashayi ba zai ci talo-talo a teburin ubanmu ba. Ka kalle ni, ka ɗauki hularka ka fita. A ranar ji nake na yi wa Allah aiki, har sai da na gyara zaman farin ƙyallen ƙungiyarmu ta hana shan giya a ƙirjina.

To, ranar Laraba da ta wuce ƙungiyar ta gayyato wata malamar asibiti ta yi mana jawabi a ɗakin taron coci. Ta ce yawancin magungunan ƙarin jinin da mata ke saya a kanti giya ce aka sa wa riga, ta nemi wata ta ba ta kwalba a gwada. Ni shugaba, uwar iyayi, na yi wuf na ciro tawa daga jaka, wannan mai hoton barewa da nake sha tun rasuwar mijina Amos. Har da bugun ƙirji na ce nawa dai saiwoyi ne zalla, shekara shida ina sha. Ta zuba a ɗan kasko, ta ɗumama, ta ƙyasta ashana. Delbert, sai ga wuta shuɗiya tana ci bal-bal a gaban mata arba'in. Sai Lavina Pruitt, wadda na taɓa kai ƙarar mijinta kan shan giya, ta ce ashe shugabar busassu, masu ƙyamar giya, ta fi kowa jiƙewa da ita, shi ya sa kullum ni ke ɗaga murya a waƙar Lahadi, ruwan dariya ne ke aiki. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Dariyar tasu ba ita ta fi ci mini rai ba. Na dawo gida na zubar da sauran kwalaben, na ce shi ke nan. Kwana biyu ko zare na kasa sa wa allura. Ran na uku na tsinci kaina a bayan rumbu ina sunsuna kwalbar da na yar. Da cokali ɗaya na fara, ban san lokacin da ya koma kofi ba. Gaskiyar masu magana, laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka.

Da na gaya wa Mama ina kuka, ko ɗagowa ba ta yi daga saƙarta ba. Ta ce ai kowa a gidan nan yana da hanci. Ta ce ranar da na kore ka ta bi ka har bakin ƙofa, ta ce za ta koma ta fasa mini ƙwai a gaban jama'a, kai ka riƙe hannunta. Wai ka ce a ƙyale Yaya, ba ta sani ba, kuma tun da Amos ya tafi wannan ƙyallen ne kaɗai ya rage mata. Shekara uku ina ambaton sunanka a addu'a cikin ɓatattu, ashe kai ne ka rufa mini asiri.

Ba ni da bakin ba ka haƙuri, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Idin Godiya saura mako biyar da 'yan kwanaki. Kujerarka tana nan, Mama ta hana kowa zama a kai. Ka zo, ka zo da Verna da yaran da ban taɓa gani ba. Yau kwana huɗu ban sha ba, kuma ban san yadda ake jure wannan abu ni kaɗai ba.

Ka gaishe mini da Verna, da 'yan biyu Opal da Otis. Mama da Kawu Lester suna gaishe ka. Abin da za ka ji a cikin ambulan farin ƙyallen ne, na cire shi. Ka riƙe mini, in ka ga na cancanta wata rana ka mayar mini da hannunka.

Yayarka mai jin kunyarka,
Orpha