Sun Sauko da Rigarka, Yaya

Zuwa ga yayana Habu, wanda 'yan kallon ƙwallo na Dutse suka sani da Liman.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwancinka. Mu nan lafiya muke. Inna tana nan tana fama da ƙafarta, matarka Anti Rabi ma lafiya, damina ta yi kyau, geron gonarmu ta Kiyawa har ya fara fitar da kai.

Ka san al'adarmu. Da zarar an rufe kakar wasa, ƙungiyarmu ta shiga saye da sallamar 'yan wasa, sai mu baje a bencin ƙofar gida a Yalwawa, kai kana faɗar ra'ayinka ni ina musu. Tun da ka tafi na mayar da musun shafina, ina rubutawa, jama'a suna karantawa suna yi mini tsiya, ni kuma ina jin daɗi. Bana sun ishe ni da tambayar ina sharhi. Na zauna zan rubuta musu, hannuna ya ƙi. Kai kaɗai zan iya gaya wa wannan, su kuma in sun ga dama su tsaya daga gefe su saurara.

Bari in fara da mai sauƙin. Sun sayar da golanmu ga wata ƙungiya a kudu, kuma ban yi kuka ba. Yaron yana da hannu, amma in aka bugo kwana fitowa yake yi kamar wanda aka aika kasuwa ya manta saƙon. Wanda suka kawo a madadinsa gajere ne, sai dai yana da baki, tun daga ragarsa kana jin yana tsawata wa 'yan baya. Kai da kake cewa ba ka son gola mai kunya, da wannan ya burge ka.

Baya ba su taɓa ba. Tsofaffin nan ne dai, gwiwoyi duk bandeji, amma sun san halin juna, kuma ba na jin za su ba mu kunya kafin tsakiyar kaka.

A gaba ne suka yi ɓarin jiki. Sun ɗauko mutum biyu daga Kano. Ɗaya dogo ne, kansa ya fi ƙafarsa ilimi, in ƙwallo ta zo masa ta sama to gola ya fara salati. Ɗayan kuma gudu ne da shi kamar kare ya biyo shi, rabin rayuwarsa a satar gida yake. Dukansu biyu ba mai iya nemo wa kansa ƙwallo. Sai an kai musu har baki, a kan lokaci, inda suke so.

To, wa zai kai musu? Nan ne maganar take, Yaya. Ɗan tsakiyar da muke lallaɓawa da shi bara sun sallame shi, kuma ba su sayo kowa a gurbinsa ba. Ƙungiyar da ta kashe ƙarfinta a kan masu cin ƙwallo ta bar wurin mai raba ƙwallo fayau. Da farko na ɗauka sakarci ne, har na fara wasa alƙalamina zan yi musu wankin babban bargo. Sai ga Koci Sale, abokinka, ya yi sallama a ƙofar gidana da leda a hannu. A nan na gane ba mantuwa suka yi ba.

Rigarka ce a cikin ledar. Lamba takwas, wadda suka rataye a ofishin ƙungiya tun rasuwarka, suka ce ba mai sake saka ta. Sun sauko da ita, sun wanke, sun goge. Ɗanka Nazifi suke so su ba.

Ba ka san shi da gemu ba. Ya fi ka tsawo yanzu, ya ɗauko hancin Anti Rabi da taurin kanka. Kuma tunda sharhi aka tambaye ni, zan faɗi gaskiya ko da tana ƙona ni: duk faɗin Jigawa ban ga mai raba ƙwallo kamarsa ba. Ƙafar hagunsa tana gani. Yana aika ƙwallo inda mutum zai je tun mutumin bai san can zai je ba. A sa shi bayan waɗannan Kanawan biyu, ƙungiyarmu za ta hau rukunin sama, ba na ko tantama. Duk sayayyar bana a kansa aka gina ta.

Wannan shi ne sharhin Malam Isiya mai shafi. Saura na Baffan Nazifi.

Ka tuna tsayuwarka? Ana tsaka da wasa, kowa yana gudu, sai ka ja ka tsaya a tsakiyar fili, hannu a ƙugu, kai a sunkuye kaɗan. Ƙwallo tana can tana yawo kai kana nan. Sai 'yan kallo su ɗauka gaba ɗaya: Liman ya tsaya, a gyara sahu! Jim kaɗan sai ka ɗago, ƙwallo ta zo ƙafarka, ka tsaga 'yan baya da ita gida biyu. Daga nan sunan ya samo asali. Mun ce karanta wasa kake yi. Kociyoyi har nuna wa yara suke yi, suna cewa ku dubi Liman, ƙwallo da kai ake buga ta.

Da na taɓa tambayarka me kake gani in ka tsaya, dariya ka yi ka ce, taurari nake gani, Isiya. Na bi gari ina ba da labari, ina cewa yayana har taurari yake gani a fili.

Sai ranar Kiyawa. Wasan sada zumunci ne kafin a buɗe kaka, irin wannan lokacin, ciyawa ta yi kore, hadari yana haɗuwa ta gabas. Ka tsaya. Muka ɗauki waƙar. Muka maimaita, muna jira ka ɗago. Ka durƙusa a hankali kamar mai neman wani abu da ya faɗi a ciyawa, har wani a kusa da ni ya ce yau Liman da sujada ya zo, aka yi dariya. Kafin dariyar ta mutu ka kife.

Likitan da ya karɓe ka ya yi mana bayani daga baya. Ya ce naman zuciyarka ne ya yi kauri, tun haihuwa kake ɗauke da abin, kuma wannan tsayuwar da garin nan ya yi shekaru yana yi wa waƙa, numfashi kake nema. Ya ce abin yana bin jini, in yaranka sun tasa a kai su a ɗauki hoton zuciyarsu. Mu muka ji wannan, mu na cikin gida. 'Yan kallo ba su ji ba. Su har gobe abin da suka sani shi ne Liman yana tsayawa ya karanta wasa.

Makon jiya na je kallon atisaye. Nazifi ya yi wasa kamar ba gobe, ya ba dogon nan ƙwallo a ka har sau nawa. Can rana ta fara sanyi, sai ya ja ya tsaya a tsakiyar fili. Hannu a ƙugu, kai a sunkuye kaɗan.

Wani tsoho a cikin masu kallo ya miƙe ya ce Na'ibi ya tsaya, a gyara sahu, nan take fili ya ɗauka. Koci Sale ya dafa kafaɗata, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ubansa sak. Murna yake yi. Ni kuwa hannun yaron nake kallo. Ba a ƙugu yake sosai ba, ya ɗan haura, yatsunsa suna danna ƙasan haƙarƙarinsa na hagu.

Na je wajen Anti Rabi. Ban gama magana ba ta ɗaga labulen ɗakinsa ta nuna mini shimfiɗarsa. Matasan kai ne a jere, an jingina su da bango. Ta ce in ya dawo daga fili a zaune yake barci, kamar yadda kake yi. Ta daɗe da gani, tsoron furtawa take yi, kamar in ta faɗa ne zai tabbata.

Na kira shi na ce ya shirya mu je Kano a ɗauki hoton. Ya durƙusa a gabana da ladabinsa, ya ce sai an buɗe kaka, sai ya kama gurbinsa tukuna. Na matsa. Sai ya ce, Baffa, in suka ga wani abu fa? Tun ranar maganar nan take bina duk inda na je. Wanda bai ji komai a ƙirjinsa ba, ba ya yin wannan tambayar.

Na sami Koci Sale na gaya masa komai. Kada ka riƙe shi da mugunta, shi ya kama gaban makararka, kuma har yau ba ya iya ambaton sunanka bai yi shiru ba. Ya ce an yi wa yaron gwaji kamar kowa, an auna jininsa, an auna nauyinsa, ya zagaya fili ya riga kowa dawowa. Ya ce naka kwana ne ya ƙare, kada in sa wa yaro tsoro a ƙafa. Na lura yana maganar yana kallon wajen da Kanawan nan biyu suke, waɗanda ba su da amfani in babu Nazifi.

Nazifi ya sa hannu a takardar ƙungiya, Yaya. Ya kai shekarun da ba a buƙatar izinina. Yana zuwa gaishe ni kullum, ya durƙusa, ya tambayi gajiya, amma ya daina cin abinci a gidana.

Ranar Asabar za su buga wasan sada zumunci na farko. Ka san inda za a yi? Kiyawa ne, filin nan dai. Sun ce don girmama ka suka zaɓe shi, a nan za su miƙa masa rigar a gaban jama'a. Masu a-daidaita-sahu har sun fara liƙa hotonka da nasa a bayan kekunansu.

Ranar Juma'a bayan masallaci zan kai shi gaban Inna. Ba mu taɓa gaya mata abin da likita ya faɗa ba, don mun ga ba za ta iya ɗauka ba, amma yanzu zan gaya mata a gabansa. In ta ce kada ya buga, wataƙila ya ji. Ka san jininka dai. Kai ma ta sha hana ka.

In bai ji ba, ga abin da na yanke, kuma da gangan nake rubuta shi a inda kowa zai gani. Na roƙi maƙwabcina motarsa, za mu ajiye ta bayan raga, hancinta yana kallon titi. Ni kuma ba zan zauna cikin 'yan kallo ba, a bakin layi zan tsaya. Da zarar ya ja ya tsaya, ya kai hannu haƙarƙarinsa, zan shiga filin in kamo shi, daga nan sai Kano. Alƙalin wasa ya busa usur har ya gaji. A jefe ni da ledar ruwa, a ce Malam Isiya ya zare, a ce baƙin ciki nake yi wa ɗan wana. Shi kansa Nazifi ya daina gaishe ni har abada, in dai yana raye yana ƙin gaishe nin, na yarda.

Masu karanta wannan da za su je Kiyawa, kai ka san su, mutanenka ne, suna ƙaunarka. Abu ɗaya nake so su yi maka: in yaron ya tsaya, kada su yi waƙar.

Abin da yake hana ni sukuni shi ne nisan da ke tsakanin layi da tsakiyar filin nan. Na san shi, Yaya. Na taɓa gudunsa sau ɗaya, lokacin ina da ƙuruciya da ƙafa, kuma ban iso gare ka a kan lokaci ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya tsare abin da ka bari, Ya sanyaya zuciyar yaron nan ya ji maganar kakarsa. In kuma sai an kai ga Asabar, Allah Ya ba ƙafata saurin da ba ta samu ba a wancan karon. Amin.

Ƙaninka da kake kayarwa a musu,
Isiya, daga bencinmu na Yalwawa.