Jan Fenti a Katangar Malam

Laraba da dare, Lafia

Yau ma'aikatan tsara gari suka zo, suka shafa jan fenti a katangarmu ta gaba. Wai ta ci hanya, doka ta ce sai an rushe ta an ja baya. Malam, mijina, da hannunsa ya ɗora bulon nan, kullum in ya dawo kasuwa, don kada masu wucewa su riƙa leƙenmu.

Babbansu ya yi sallama, ya ce, "Mama, a kira mana maigida." Maman Ladi maƙwabciyata ce ta ce masa, "Oga, maigida ya rasu. Takaba take yi, ko ofishinku ba za ta iya zuwa ba." Ya sunkuyar da kai, ya yi mini gaisuwa, ya ce ba za su taɓa katangar ba sai na fita takaba.

Da yamma na je na jingina da ita daga ciki, da sauran ɗumin rana a jikinta. Kullum addu'ata kwanakin nan su yi sauri su wuce. Yau kam, Allah na tuba, ba na so su ƙare.