Farin Jinjiri a Gidan Mukhtar

Belbeji, Litinin

Yaya Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ɗalibanka na sakandare? Na sauka jiya Lahadi da hantsi, namiji, lafiya lau. Amma Yaya, yaron fari ne tas, gashinsa kamar gemun masara. Ungozoma ta ce zabiya ne.

Maigida ya leƙa sau ɗaya, ya ce kaf danginsu ba a taɓa haifar irin wannan ba, kuma ba zai yanka rago ba sai na faɗi ɗan wane ne. Ya karɓe wayata, shi ya sa na ba Ilyasu direba takardar nan. Surukata Inna Tata ita ke yi mini wankan jego, amma ba ta ce uffan ba.

Wallahi ban san wani namiji ba. Kai ke koyar da ilimin halittu, ka yi masa magana. Lahadi ne suna.

Ƙanwarka,
Rahinatu

Tanut, Talata

Malam Mukhtar,

Bayan gaisuwa, barka da ƙaruwa. Na danne fushina domin ka karanta har ƙarshe.

Kowace siffa ta jiki tana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ƙwayar zabiyanci mai ɓuya ce. Wanda ke da guda ɗaya baƙi ne kamar ni da kai, bai ma san yana ɗauke da ita ba. Sai yaro ya samo daga ɓangarorin biyu take bayyana. In iyaye duka suna da ita, kowane ciki ƙuri'a ce, ɗaya cikin huɗu.

Ka ce ba ka taɓa gani ba. To, a ce zabiya ɗaya ne cikin mutum dubu biyar. Lissafi ya nuna kusan ɗaya cikin talatin da biyar yana ɗauke da ƙwayar. Ka dubi sahun Juma'a ka ƙiyasta. Inda dangi ke auren juna kuwa, haɗuwar ta fi sauƙi, kuma ka san kakanninmu mata ciki ɗaya suka fito a Tarka.

Ka ji tsoron Allah game da ƙanwata. Ka huta lafiya.

Abdulmajid

Belbeji, Alhamis

Malam Abdulmajid,

Na ga takardarka, na gode. Lissafinka ya nuna abin zai iya faruwa, bai nuna ni ne ba. Cikin talatin da biyar ɗin nan akwai wasu mazan. Jiya a rumfar mahauta aka tambaye ni yaushe na koma Bature, aka yi dariya. Na gaya wa liman kada ya zo. Bayan arba'in ka turo a ɗauke ta.

Wassalam,
Mukhtar

Belbeji, Asabar

Yaya,

Gaisuwa mai yawa.

Jiya bayan sallar Juma'a maigida ya shigo da buhu, ya ce ba sai arba'in ba, in haɗa kayana. Inna Tata tana riƙe da yaron. Ta ce, "Ajiye buhun nan, ka zauna."

Ta ce kafin shi ta haifi wani ɗa, Manzo, fari kamar wannan. Mahaifinsu ya zarge ta, ya tura ta Tarka da goyo. Shekara biyu tana can. Ƙyanda ta kashe yaron, aka yi biko, aka hana kowa ambatonsa.

Maigida ya ce, "Inna, kwana biyar kina kallona kika yi shiru?"

Ta ce, "Shekara arba'in ina shiru, ba a rana ɗaya baki ke buɗewa ba. Yayanka ne, ciki ɗaya. Ko ni ma za ka tambaye ni ɗan wane ne?"

Ya fita ko takalmi bai sa ba. Har yanzu bai dawo ba, gobe kuma suna. Ban kwance kayan ba.

Rahinatu

Belbeji, Lahadi

Yaya Abdulmajid,

Assalamu alaikum. An yanka rago da safe, na raɗa masa Manzo. Ungozoma ta ce rana na cutar da fatarsa da idonsa, don Allah ka rubuto mini duk abin da ya kamata in yi.

Na nemi gafarar Rahinatu a gaban Inna. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ban matsa mata ba.

Ƙaninka,
Mukhtar