Sunana a Lasifika

Wad Madani, Yuli 2003

Zuwa ga Yaya Hadizatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Baba?

Saƙonki ya iso, kuma ya hana ni sukuni. Wai Baba ya ce in kaka ta yi bai ga shaidar aikina ba, in tattara in dawo hawasha, wato gonarmu, don a kasuwarmu ta Suki muryar Mujahid kaɗai yake ji a lasifika. Yaya, murya tasa ce, amma maganar tawa ce. Ni nake tsara talla da Hausa da Larabci, abokin aikina Mujahid ya karanta a kaset, a ɗora lasifika kan keken jaki a zaga kasuwanni.

Kin ji tallar man riɗi da ke farawa da ƙarar soya albasa? Dabarata ce. Ni na tsuguna da rikoda a bakin kaskon wata mai abinci har mai ya fallatso mini a hannu. Na ce a riƙa sa ta dab da azahar, lokacin da cikin kowa ke kuka. Man ya karɓu, sai Alhaji Abdulmuttalib, mai kamfanin, ya ɗinka wa Mujahid jallabiya. Ni kuwa tambayata ya yi ko jakin yana samun dusa. Mujahid yana tsaye yana washe baki! Na ji haushi ƙwarai, amma kin san ni, gaban manya harshena ɗaurewa yake yi.

Ki gaida kowa. Ƙaninki,
Saifuddeen

Wad Madani, Satumba 2003

Yaya Hadizatu,

Salamun alaiki, ina gaisuwa. Ina fata ruwa bai yi muku ɓarna ba.

Sai da na yi mako ina gaida Mujahid a tsaitsaye kafin na amayar masa da abin da ke cikina. Bai musa ba. Ya ce yabo ya yi masa daɗi ne, kuma ni ma ba na buɗe baki.

Jiya Alhaji ya kira mu kan sabuwar talla ta kasuwar Dinder. Sai ga Mujahid ya zo da rawani ɗaure a haɓa, wai ciwon haƙori, ko sallama da hannu ya yi. Alhaji ya zuba mini ido. Na fara in-ina, can dai na tuna da zancen komawa hawasha, sai bakina ya buɗe. Na bayyana yadda za mu sa muryar tsohuwa tana yi wa jikanta faɗa don ya sayo man da ba shi ba. Har kwaikwayon tsohuwar na yi. Alhaji ya yi dariya sai da hularsa ta faɗi, sannan ya tambayi sunana da na mahaifina.

Muna fitowa mai ciwon haƙori ya kwance rawani, ya sayi soyayyar gyaɗa yana tauna garas-garas. Na rasa ko in make shi ko in rungume shi. Mun daidaita, daga yau tare za mu riƙa gabatar da aiki, kuma ƙarshen kowane kaset zai faɗi wanda ya tsara da wanda ya karanta.

Naki,
Saifuddeen

Wad Madani, Nuwamba 2003

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri, yaya aikin kaka?

Na karanta wa Mujahid takardarki, mun yi dariya har da hawaye. Ashe Baba faɗa ya yi da ya ji lasifika na cewa Saifuddeen ɗan Malam Mato ne ya tsara? Wai an sa sunansa a tallar mai kamar ɗan koli. Amma kin ce duk ranar kasuwa yanzu a inuwar da keken jakin ke tsayawa yake shimfiɗa buzunsa, kuma in kaset ya kusa ƙarewa sai ya tsawata wa mutane su yi shiru.

Kin ce bai sake tayar da zancen hawasha ba. Ni ma kada ki tuna masa. Ga kaset guda na ba wani direba mai zuwa Suki, tunda Baba ya ce a kawo masa ya duba ko an faɗi sunan daidai.

Allah ya bar zumunci. Ƙaninki,
Saifuddeen ɗan Malam Mato