Na Juya Maganar Inna Mai Guga a Gaban Masu Bincike

Don Allah Anti, ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya min a rai.

Ina aiki a masana'antar ɗinkin riguna. Kusan duk abin da muke ɗinkawa wani babban kamfani ne na ƙasar waje ke saye. Sau biyu a shekara sukan turo masu bincike su ga yadda ake riƙe ma'aikata, ni ce kuma tafinta. Ranar da za su zo, sai a cire kwaɗon ƙofar baya, a raba takunkumin rufe hanci, a kunna fankoki. Suna juya baya a tattara komai.

A zuwansu na ƙarshe sun tambayi wata dattijuwa da muke kira Inna Mai Guga ko tana da koke. Ta ce warin maganin da ake fesa wa yadi na kama mata ƙirji, shekara biyu ke nan tana tari. Manaja na tsaye a bayana. Sai na ce musu zafi kawai take kuka da shi. Suka rubuta. Inna har da sa min albarka, a zatonta na isar da saƙo.

Manajan nan yayan mijina ne, shi ya samo min aikin. Kullum cewa yake in kamfanin ya janye, mu ɗari uku za mu koma gida, kuma ba ƙarya yake ba. Wata mai zuwa masu binciken za su dawo. Ko mijina ban faɗa wa ba.

Daga wata Tafinta

AMSA

'Yar'uwa, tsoronki na da tushe, abincin mutum ɗari uku ba wasa ba ne. Amma Inna ba ta da bakin da za su ji sai naki, kuma kin ci amanarta. Wannan a fili yake.

Fara da mijinki. Sannan ku sami Yaya a gida, ba a ofis ba, cikin ladabi ki ce masa ba za ki ƙara juya maganar kowa ba. Kin ba shi wata guda ke nan ya gyara da kansa. Buɗe ƙofa da bar wa ma'aikata takunkumi ba za su karya masana'anta ba. Ki nuna masa cewa mai saye ya fi saurin haƙuri da laifin da ake gyarawa a kan wanda aka ɓoye masa.

Zai yiwu ya sauke ki daga aikin tafinta, ki shirya wa hakan. Kafin nan ki raka Inna asibiti, ki gaya mata abin da kika yi, ki nemi afuwarta. Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Ya ƙarfafa miki zuciya.