Ƙari a Muƙamuƙina

Litinin, 3 ga Maris
Ashe ba haƙori ba ne. Shekara biyu ina haɗiyar maganin ciwon haƙori, alhali ƙari ne a cikin ƙashin muƙamuƙi. Likita ya ɗaga hoton a gaban fitila, ƙashin duk ramuka kamar saƙar zuma. Ya ce ba ciwon daji ba ne, amma yana cin ƙashi, sai an yanke. Na ce a yanke ina? Ya ja yatsa daga haɓarsa har gindin kunne.

Juma'a, 7 ga Maris
Ina koya wa 'yan aji biyu karatu, yawu ya ɗigo min a kan littafi. Ban ma ji zubowarsa ba, leɓen ƙasa ya mutu. Yaran suka yi tsit. Da ma dariya suka yi.

Laraba, 12 ga Maris
Za su ciro ƙashi daga ƙafata su dasa a wurin. Jijiyar leɓe kuwa ta tafi ke nan. Na tambayi likita ko zan yi magana. "Za ki yi, Malama, amma ba kamar da ba." To malamar da ba a gane maganarta, me ya rage mata?
Baban yara ya ce, "Ke dai a raba ki da shi, ni ba muƙamuƙi na aura ba." So yake in yi dariya. Sau uku mukullin babur yana faɗuwa daga hannunsa.

Talata, 18 ga Maris
Na sa hannu a takardar amincewa a yi min tiyata. Ya Allah.

Alhamis, 27 ga Maris
Kwana shida da aikin. Ta robar hanci nake cin abinci. Harshe ya cika baki, ƙafa kamar an kwara mata wuta. Na hango fuskata a gilashin taga. Ba ni ba ce. Inna ta zo, ta tsaya a bakin gado tana "Sannu, 'yar nan, sannu," idonta na kan bargo. Uwar da ta haife ni ta kasa kallona.

Talata, 1 ga Afrilu
Mai koyar da magana ta ce in ce "baba". Abin da ya fito, ko akuya ba za ta amsa shi ba. Na juya wa bango fuska. Ba zan ƙara ba. Na rubuta wa Baban yara kada ya kawo yaran.

Lahadi, 6 ga Afrilu
An kwantar da wata tsohuwa a gadon kusa da ni, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta a karkace. Ba mai gane abin da take faɗa. Ni ina ganewa, ban san ta yaya ba.

Litinin, 14 ga Afrilu
Tun safe tsohuwar ke neman a juya ta, bayanta ya fara gyambo. Nas ta wuce sau biyu tana cewa, "Ruwa, Baba? Ina zuwa." A na uku sai na ji wata murya mai kauri, mummuna, ta ce, "Ba ruwa ba! Juya ta!" Nas ta tsaya cak, ta dawo ta juya ta.
Ba wani abu ba ne. Kalma biyar ce, kuma yawu ya jiƙa min riga. Tsohuwar ta yi ta dariya da rabin bakinta, wai muryata ta fi tata muni.
Gobe mai koyar da magana za ta zo ƙarfe goma. Wataƙila in zauna.